Daga Murhu Zuwa Tukunyar Lantarki: Yadda Shinkafa Ta Ci Ƙasar Gero

 

Watannin baya aka yi bikin wata ƙanwarmu a Batsari. Ranar jere, cikin kayan kicin da dangin uwa suka haɗa mata, akwai wata tukunya mai igiyar wuta da madannai a goshi, murfinta kuma sai an murɗa shi yake kullewa. Masu shago suna ce mata furesha, wato tukunyar lantarki mai riƙe tururi. Wani yayanmu da ke aiki a Abuja ya haɗo da ɗan ƙaramin buhun shinkafa mai ƙanshi, wadda ake kira jasmin, 'yar ƙasar Tailan.

Bayan sati biyu muka je ganin ɗaki, har da kakarmu. Amarya ta ce ba za mu tafi ba sai mun ci girkin sabuwar tukunya. Aka yi sa'a akwai wuta. Ta wanke shinkafa, ta zuba ruwa yadda ta saba gani a gida har ya sha kanta da gaɓa biyu ta yatsa, ta kulle, ta ba ta minti ashirin. Da aka buɗe, ƙanshi ya cika ɗakin har tsakar gida, amma shinkafa ta caɓe, babu ƙwaya ɗaya da ta tsaya da ƙafarta. Amarya kamar ta yi kuka. Kaka kuwa dariya ta yi, ta ce, "Ke kawo muciya. Ai wannan shinkafar tuwo ce, an dai sa mata turare." Muna cikin cin tuwon dole da miyar taushe sai ta ƙara da cewa, lokacin da take budurwa a ƙauyensu na ƙasar Safana, in ta ci shinkafa sau huɗu a shekara, to shekarar ta yi albarka: ƙaramar salla, babbar salla, sai in an yi biki ko suna a gidan mai hali.

Wannan magana ce ta hana mu sakat. Yau a gidajenmu da wuya a yi kwana biyu ba a ɗora shinkafa ba, yaranmu kuwa in an ce tuwon gero ne da dare har ɓata rai suke yi. A cikin rayuwar mace ɗaya aka yi wannan juyi. Yaya aka yi, kuma wa ya yi shi?

Ƙasar gero

Duk wanda ya san yammacin Katsina ya san ƙasar jigawa ce da duwatsu. Daga Ruma da Wagini a ƙasar Batsari, zuwa Runka da Zakka a ƙasar Safana, abin da ƙasa ta fi karɓa shi ne gero da maiwa da dawa da wake da gyaɗa, sai auduga da rogo da dankali. Damina gajera ce, ruwa ba ya kwanciya a rairayi. Shinkafa kuwa 'yar ruwa ce, sai a fadama da bakin gulbi ake samun ɗan yankin da za ta yi.

Wannan ba sabon abu ba ne. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya kammala littafinsa kan ƙasashen Afirka a 1526. Ko da ido ya gani ko labarin fatake ya ji, bayaninsa ya raba ƙasashen Hausa ta hanyar abin da suke nomawa: ya ambaci shinkafa a Kano da Zamfara, amma da ya zo kan Katsina sai ya siffanta ta da ƙasa mai duwatsu da busassun filaye, inda gero ke yi sosai. Shekara ɗari uku da wani abu bayan haka, a watan Maris na 1853, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bar birnin Katsina zuwa Sakkwato. Ya bi ta Kuraye da Kurfi, ya sauka a Zakka, sannan ayarinsu ya ratsa daji cikin fargabar mahara zuwa Zurmi. Manyan gonakin shinkafar da ya ba da labari suna can gaba, a fadamun Sakkwato da Kabi. Mu nan hanya ce da shinkafa ke bi a bayan jaki, ta ɗan sauka a kasuwa, mai kuɗi ya saya.

Abincinmu na yau da kullum duk daga zangarniya yake fitowa: koko ko kunu da safe, fura da rana, tuwo da dare, ɗumame washegari. Arzikin magidanci a rumbu ake auna shi, da yawan dammunan da ya ɗaure. Aikin mace kuma a turmi yake. Kafin tuwo ya iso akushi sai an yi sussuka, an sheƙe, an surfa, an wanke, an shanya, an daka ko an niƙa a dutse, an tankaɗe, an yi talge, an tuƙa, ga miya tana jira. Rabin yinin mace a nan yake tafiya. Mu riƙe wannan batu na lokaci, za mu dawo kansa.

Shinkafa ba baƙuwa ba ce

Kada wani ya ɗauka cewa jirgin ruwa ne ya fara kawo mana shinkafa. Afirka tana da tata tun asali, mai jan ɓawo, wadda masana ke kira Oryza glaberrima. An fara noma ta kimanin shekara 3,000 da suka wuce a fadamun Kogin Kwara da ke ƙasar Mali ta yau. Ibn Battuta ya tarar ana cin shinkafa a daular Mali lokacin ziyararsa ta 1352. Ta Asiya, wato fara, daga baya ta yaɗu, musamman bayan zuwan Turawan Fotugal gaɓar teku a ƙarni na 16.

Harshe ma shaida ne. Fataken Hausa sun kai sunan shinkafa nesa, har Ibo suna ce mata osikapa. A Gana, abincin da suke alfahari da shi mai suna waakye daga shinkafa da wake ya samo sunansa. Waina da sinasir da tuwon shinkafa da kunun gyaɗa kuwa ba jiya aka fara su ba. To amma ku lura da irin waɗannan abinci: kusan dukkansu na ranar taro ne, ko na baƙo, ko na azumi. Shinkafa ta daɗe a ƙasar Hausa, sai dai a ƙasar Katsina ta yamma matsayinta na babbar riga ne, wadda ake ɗaukowa daga adaka ranar salla.

Kuɗin mai da 'yar gwamnati

Abu biyu suka haɗu a shekarun 1970 suka canja lissafin. Na farko fari. Daga 1972 zuwa 1974 ruwa ya yi ƙaranci a duk yankin Sahel, gero ya ƙone a gona, dabbobi suka mutu, rumbuna suka ƙare tun kafin bazara. Na biyu kuɗin man fetur. Farashin mai ya tashi a kasuwar duniya a 1973, gwamnati ta cika da kuɗi, aka yi ƙarin albashin Udoji wanda ma'aikata suka karɓa a 1975. Naira ta yi ƙarfi, sayo abinci daga waje ya fi noma shi sauƙi. Samari suka bar fartanya suka nufi birni aikin gini da kwangila.

A wannan zamani ne fararen buhuna suka fara shigowa da yawa daga Amurka da Tailan. Shinkafa ce doguwa, an turara ta a masana'anta, an goge ta, babu tsakuwa babu ƙaiƙayi. Mutane suka raɗa mata suna 'yar gwamnati, tasu ta gida kuma ta koma 'yar Hausa. Sunan kaɗai ya isa darasi. Abin da ya fito daga hannun hukuma, mai tsabta, na ma'aikata da 'yan makarantar kwana, shi ne na gwamnati. Namu kuwa sai an rege shi a ƙwarya, a hankali, kada haƙori ya gamu da dutse.

Gwamnatoci sun ga haɗarin. Janar Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, Shugaba Shagari ya biyo da shirin juyin noma a 1980. Amma buhu bai daina shigowa ba. A zamanin Shagari har kwamiti na musamman aka kafa kan shigo da shinkafa da raba ta, ƙarƙashin ministan sufuri Umaru Dikko, lasisin shigo da ita ya zama abin da ake saka wa 'yan siyasa da shi, aka yi ta zarge-zarge har zuwa juyin mulkin ƙarshen 1983. Janar Babangida ya haramta shigo da ita a 1985, haramcin ya kai 1995 kafin a ɗage. Sai dai a lokacin baki ya riga ya saba. Yaron da ya yi shekara biyar yana cin shinkafa a makarantar kwana ya dawo gida, ya yi aure, ya ce wa matarsa ita yake so.

A nan ne batun lokaci ya dawo. Shinkafa 'yar gwamnati ba ta bukatar turmi. A auno, a wanke, a ɗora. Ko babu cefanen miya, in akwai wake da mai da yaji an gama garau-garau. Matar da ke koyarwa a firamare, da mai sana'ar cikin gida, da ɗalibi a ɗakin haya, kowa ya ga sauƙi. Injin niƙa ya rage wa gero wahala, amma bai rage tuƙi da miya ba. Daɗi yana cikin dalilan da suka sa shinkafa ta ci ƙasar gero, amma babban dalilin shi ne ta mayar wa mata sa'o'in da turmi ke cinyewa.

Hanyar Jibiya

Batsari maƙwabciyar Jibiya ce, Jibiya kuma ƙofar Nijar. Duk lokacin da gwamnati ta rufe wa shinkafa tashar jirgin ruwan Legas ko ta tsawwala haraji, sai buhu ya canja hanya. A sauke shi a Kwatano ta ƙasar Benin, a ɗauko shi a mota ya ratsa Gaya zuwa Maraɗi, daga nan ya gangaro Ɗan Isa, ya tsallako ta Magama ko ta hanyoyin daji a kan babura da ƙananan motoci. Babu wanda ya tashi a yankinmu da bai san wani da ya ci abinci da wannan fito ba, ko wani da ya rasa jarinsa, ko ransa, a tseren da ake yi da jami'an kwastam.

A 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa shinkafa cikin kaya 41 da ya daina ba masu shigo da su dala a farashin hukuma. A watan Nuwamba na shekarar Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu gaba ɗaya. An buɗe wasu a Disamba 2020, amma ta Jibiya sai a Afrilu 2022. A Janairun wannan shekarar ta 2022 aka jera dalar buhunan shanshera a Abuja don nuna cewa noman gida ya kankama.

Gaskiya noma ya ƙaru, masana'antun casar shinkafa sun yawaita a Kano da Kebbi da sauran jihohi, 'yar Hausa ta samu injin cire tsakuwa ta shiga buhu mai tambari. Irin da cibiyar binciken hatsi ta Badeggi ta fitar, irin su FARO 44, ya shiga fadamu. Amma farashi bai sauko ba. Buhu mai kilo 50 da ake saye wajen naira 10,000 a 2015 ya haura naira 80,000 a 2024, shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Rancen manoma ma da yawa ba a biya ba. Hausawa sun ce kowa ya ci shinkafar rance tasa ya ci. Shekara hamsin muna cin ta waje da kuɗin mai, da kuɗin suka yi ƙasa sai muka tarar mun koya wa 'ya'yanmu abincin da aljihunmu ba ya iya ɗauka.

Me ya sa ta amarya ta caɓe

Mu koma kan ɗan buhun nan mai ƙanshi. Mutanen Tailan suna kiran wannan shinkafa Hom Mali. Irin da ya fi shahara, Khao Dawk Mali 105, an zaɓo shi ne daga gonakin manoma a farkon shekarun 1950, hukuma ta fitar da shi ga jama'a a 1959. Abin da zai ba mu sha'awa shi ne inda ta fi yin kyau: arewa maso gabashin ƙasar, yanki mai rairayi da talauci, inda ake dogara da ruwan sama, a yi girbi sau ɗaya a shekara wajen watan Nuwamba. Wato ƙasar da ake rainawa ce ta fitar da shinkafar da ta fi tsada. Sun zaɓi irin da ya dace da ƙasarsu, suka tsare sunansa da ingancinsa har duniya ta san shi.

Yawancin 'yar Tailan da muka saba ci ba jasmin ba ce. Turarra ce, irin abin da matanmu ke yi in za su yi gumi: a jiƙa shanshera, a turara ta cikin ɓawonta, a shanya, sannan a casa. Turarawar tana ƙarfafa ƙwayar, shi ya sa take shan ruwa da yawa, ta daɗe a wuta, ta fito wara-wara. Jasmin kuwa ɗanya ce, ba a turara ta ba, ƙwayarta mai taushi ce da ɗan danƙo. Ashe kaka ta yi gaskiya, 'yar uwar shinkafar tuwo ce.

Sannan ita tukunyar ba ta barin tururi ya fita. A murhu, wani kaso na ruwan da aka zuba iska yake bi, don haka hannun uwayenmu ya saba da ƙarawa. A kullalliyar tukunya kuwa kusan duk abin da aka zuba cikin shinkafar zai shiga. Ƙa'idarta ga jasmin ita ce kofi ɗaya na shinkafa, kofi ɗaya na ruwa. A wanke ta sau biyu ko uku har ruwan ya washe, a tsane, a kulle, a ba ta kamar minti huɗu, sannan a ƙyale ta minti goma tururin ya sauka da kansa kafin a taɓa murfi. Amarya ta yi amfani da ilimin da ta gada, ilimi mai kyau, amma na wata shinkafa ne da wata wuta.

Tarihin wuta

Tukunyar ma tana da nata asali. Wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ne ya fara nuna irinta a Landan a 1679. Ya gano cewa in aka hana tururi fita, ruwa ba ya tsayawa a zafin digiri 100 da ya saba tafasa, sai ya haura, har ƙashi ya yi laushi. Tukwanen yau suna kai wa wajen digiri 115 zuwa 120. Shi ne kuma ya sa mata 'yar ƙofar da ke sakin tururi in ya yi yawa, don kada ta fashe. A Japan, kamfanin Toshiba ya fitar da tukunyar shinkafa mai kashe kanta a 1955, ta sauke wa matan ƙasar aikin tashi da asuba hura wuta. Haɗa waɗannan dabaru biyu ne ya haifar da irin ta ƙanwarmu, wadda ta yaɗu a duniya bayan fitowar Instant Pot a Kanada a 2010.

Namu tarihin wutar daban yake. Duwatsu uku ne da tukunyar ƙasa, da itace da kara. Daga baya tukunyar dalma mai lamba ta kori ta ƙasa. A zamanin kuɗin mai risho ya shiga kayan ɗakin amare, don kananzir ya yi araha. Da ya yi wuya a shekarun 1990 aka ƙirƙiro murhun da jama'a suka sa wa suna abaca. Da aka janye tallafin kananzir a 2016 risho ya koma ƙarƙashin gado, masu hali suka koma gas, saura suka koma gawayi da itace. Kowane murhu a tsakar gidanmu yana da shekarar da ya zo da dalilin zuwansa, kuma galibi dalilin daga Legas ko Abuja aka yanke shi.

Tukunyar lantarki tana jan wuta wajen wat 1,000. Ƙaramin janareta ba ya ɗaukarta, haka ma 'yar solar da ake kunna ƙwai da cajin waya. In an ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, sai a jira ta huce a juye a tukunyar gawayi. Ga ta kuma ƙarama, lita shida, abincin mutum biyar ko shida. Ba a ƙera ta don gidan gandu mai mutum talatin ba. Shigarta kayan jere yana gaya mana cewa gidan da ake sa ran amarya za ta riƙe na mata da miji ne da 'yan yara, ba na tukunya lamba ashirin ba. Kuma in za mu faɗi gaskiya, jasmin ba ta bukatar wannan tukunya, ko a gawayi minti kaɗan take yi. Inda tukunyar ke da rana shi ne wake da ganda da ƙafar saniya, masu cinye itacen kwana biyu.

Dajin da ya rufe

Itacen nan daga ina yake zuwa? Ga mutanen Batsari da Safana amsa ɗaya ce: Rugu. Dajin ne ya ba mu itace da gawayi da kiwo da zuma da magani. Shi ne kuma a shekarun nan ya zama mafakar 'yan bindiga. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum talatin a Tsauwa da Dankar a dare ɗaya. A 2021 gwamnatin jiha ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama har da namu biyu. Gonakin da ke nesa da gari suka koma saura. An ƙone rumbuna, wasu kuma masu su suka gudu suka bar su.

Ku dubi abin da wannan ya yi wa tukunya. Iyalin da suka baro ƙauye suka sauka a Batsari ko Dutsinma ko birnin Katsina ba su da rumbu, ba su da turmi, itace ma saya suke yi ƙulli-ƙulli. Mutumin da a da yake ɗaure damin gero ɗari yanzu awon gwangwani yake yi, kuma abin da zai auna shi ne wanda zai dahu da wuri da itace kaɗan: shinkafa in an samu, ko taliya, ko garin kwaki. A gari ɗaya, a unguwa ɗaya, wata tana koyon danna madannin tukunyar lantarki, wata tana tsintar leda da kara don ta dafa gwangwani biyu. Dukkansu shinkafa suke dafawa, amma ba hanya ɗaya ce ta kawo su gare ta ba.

Abin da ya rage gare mu

Ga inda maganar ta shafe mu a matsayinmu na masu son rubutu. In aka ce tarihi, hankalinmu yakan tafi kan sarakuna da yaƙe-yaƙe, kuma suna da muhimmanci. Amma wa ya rubuta shekarar da injin niƙa ya fara ƙara a Wagini? Wa ya rubuta sunayen irin geron da ake shukawa a Runka kafin zuwan irin zamani, da wanda ya fi daɗin fura, da wanda ya fi jure fari? Wace mace ce ta fara sayar da shinkafa da wake a tashar garinku, kuma me mutane suka ce a lokacin?

Baƙi sun riga mu ganin darajar irin waɗannan tambayoyi. Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau ta rubuta labarin rayuwarta, littafin Baba of Karo ya fito a 1954. Polly Hill ta zauna a Batagarawa ta bi diddigin gandu da rumbu da sana'ar mata, ta buga littafinta a 1972. Michael Watts ya yi bincike a Kaita kan abinci da yunwa, nasa ya fito a 1983. Duk ukun da Turanci aka fara buga su, don masu karatu na wata nahiya. Mu da muke jin harshen tsofaffin nan ba tare da tafinta ba, muke shiga har ƙuryar ɗakinsu, me muka ajiye?

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Matan da suka san ƙasar nan kafin 'yar gwamnati sun haura shekara saba'in. Da yawansu an raba su da ƙauyukan da abin ya faru, babu turmin da za su nuna, babu rumbun da za su ce ga shi. In suka tafi, kalmomi ma za su bi su. Ku gwada tambayar yaro ɗan shekara goma sha biyar bambancin sussuka da surfe, ko abin da ake nufi da gumi, ku ji amsar da zai ba ku. Marubucin da bai san waɗannan ba, in ya zo rubuta labarin ƙauye, sai ya sa jarumarsa ta dafa shinkafa da miya a shekarar da ko hakimi bai ci ta ranar Talata ba.

Aikin ba ya bukatar tallafin kowa. Waya mai ɗaukar murya ta isa, da littafi da biro, da goro ko ɗan turmin atamfa in da hali. A zauna a tambayi tsohuwa abin da aka ci ranar aurenta, da abin da aka ci shekarar fari, da ranar da ta fara ganin farar shinkafa. A rubuta da kalmominta, kada a gyara mata Hausa. A tambayi shekara ta hanyar da ta sani: zamanin wane hakimi, kafin kwalta ko bayanta. Daga baya a nemi lambar shekarar.

Mu dai mun fara da tamu kakar. Mun cika shafi goma sha ɗaya, kuma har yanzu ba mu fita daga shekarar aurenta ba. Amarya ma ta sake gwadawa, kofi ɗaya da kofi ɗaya, minti huɗu, ta aiko wa kaka a kula. Ta ci loma uku, ta yaba ƙanshin, sannan ta ce a dama mata fura, don ita har yanzu in ba ta sha gero ba gani take ba ta ci komai ba.

Allah ya zaunar da yankinmu lafiya, ya mayar da kowa gonarsa.